Ganyen Maƙabarta

Nabisa ta yaye ƙyallen da ke bakin roba ta farko, ta leƙa, ta mayar. Ta yaye na ta biyu. Kafin ta kai ta biyar ta daina mayarwa, tana yayewa tana wucewa har ƙarshen kanta. Robobi arba'in ne a ɗakin, kuma abu ɗaya ta gani a cikinsu duka: ganye manya-manya, kore shar, faffaɗa kamar faifai, babu ko huda ɗaya a jiki. Tsutsotsin sun bar ganyen sun hau bangon roba suna yawo. Wasu sun faɗo ƙasa sun lanƙwashe.

"Kumaretta," ta kira, yadda ta saba kiran Kumaran don girmamawa.

Kumaran mai shara ya leƙo da tsintsiya a hannu, fuskarsa cike da fara'a. "Kin dawo? Me 'yarki ta haifa, mace ko namiji?"

"Mace. Me ka ba su?"

"Ganyen bishiyar tik mana. Me zan ba su, shinkafar biriyani?"

"Daga ina?"

"Daga inda kika ce, gonar Tomas a bakin kogi. Kwana huɗu ina shiga bas ɗin ƙarfe shida saboda ke. Da hannuna na zaɓo, ɗaya bayan ɗaya, babu mai tabo, babu mai yagewa. Na ga waɗanda kike kawo musu ƙanana ne kamar kunnen ɓera, na ce bari bayin Allah su ga alheri kafin ki dawo."

Nabisa ta ɗauki ganye ɗaya ta murza tsakanin yatsunta. Kaushi gare shi kamar harshen saniya, kuma yatsun sun fito fes. Tohon tik idan aka murza shi ja yake bari a hannu, kamar lalle. Ta nuna masa yatsun.

"Na ce maka ka murza."

"Kin ce in zaɓo mai kyau."

Shekara ashirin Kumaran ya yi yana raba abinci a gidajen biki kafin ƙafa ta hana shi tsayuwa. A can, inda a kan ganye ake zuba wa baƙi abinci, wanda ya shimfiɗa wa baƙo ƙaramin ganye ko yagagge ya ci mutuncin mai gida. Da wannan ilimin ya je gonar Tomas. Akwai mutanen da alherinsu ya fi muguntar wasu ɓarna, don ba sa tambaya, kuma ba ka da bakin yi musu faɗa.

Duk mai bishiyar tik, itacen katako mai tsada, a wannan yanki ya san tsutsar nan. Da ruwan farko ya sauka, bishiyoyi suka yi toho, iyayenta, masu kama da ƙananan malam-buɗe-littafi, sukan zo cikin iska kamar hayaƙi su zuba ƙwai a kan sabon ganye. Bayan mako biyu gona ta koma tsirara, girman shekara guda ya tafi. A tashar binciken daji da ke bayan gari ake kiwon ta da gangan. Idan tsutsotsin sun ƙoshi sai a sa musu wata cuta tasu ta tsutsa, su mutu, a niƙa, a tace, a raba wa manoma su fesa. Iya ƙibar tsutsa, iya yawan magani. Ita kuwa ƙibar daga ganye take. Wadda ta samu toho takan cika cikin kwana goma, ta naɗe, ta fito uwa mai zuba ƙwai ɗari huɗu. Wadda aka ba tsohon ganye takan tsumbure, ta yi jinkiri, ko ta rayu ƙwanta ba ya cika cokali. Sabbin ƙyanƙyasa kuwa bakinsu bai kai ya huda shi ba ko kaɗan. Yanzu ƙarshen Maris ne, daji ya zubar da ganye, babu inda za a je a kamo wasu. Idan na ɗakin nan suka ƙare, sai dai a jira na daji su zo, a lokacin kuma magani ba shi da sauran amfani.

Shekara goma sha ɗaya Nabisa tana wannan aikin a matsayin 'yar aikin yini. Ba ta taɓa tsallake kwana huɗu a jere ba sai da 'yarta ta shiga naƙuda a asibitin Manjeri.

Dakta Susamma, mai kula da ɗakin kiwon, ta shigo ƙarfe tara saura, jaka a kafaɗa. Ta bi robobin da kallo, ta ɗauki tsinke ta taɓa wata tsutsa. Tsutsar ta motsa da ƙyar.

"Ƙananan da suka ƙyanƙyashe jiya da shekaranjiya fa?"

"Suna nan, Madam. Ba su ci komai ba."

"Za su kai yaushe?"

"In sun daɗe, la'asar."

Daktar ta cire tabarau ta goge da gefen zanen sarin da ta ɗaura. Ba mace ce mai faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi sauƙi. "Nabisa, kin san yadda abin yake. A sama akwai masu cewa ɗakin nan ɓarnar wuta ce kawai. Idan irin ya yanke bana, ba za su ba ni kuɗin sake farawa ba. Za su sa kwaɗo. Ni za a mayar da ni ofis. Ke ban san inda zan kai ki ba."

"Zan kawo ganye."

"Motar tasha ta tafi da mutanen auna itace."

"Akwai bas."

Ta ɗauki buhunta, ta jiƙa tsummoki biyu ta cusa a ciki, ta fita. Kumaran ya biyo ta har bakin ƙofa yana cewa ko ya zo ya riƙe mata buhu. Ta ce ya tsaya ya kwashe ganyensa daga robobin, ya kai wa mahauci ya naɗe nama, nan ne amfaninsa.

Bas ɗin ya tsaya a kowace kwana. Ya tsaya ya ɗauki mai kwandon kifi, ya tsaya kwandasta ya sayi sigari, ya tsaya a gada don wata babbar mota mai gungume ta kasa juyawa. Nabisa tana tsaye a gefen mata, ta kama ƙarfe, tana sauya ƙafa. Wata tsohuwa ta ce mata ta zauna a gefenta, ta ƙi. Zama yana sa ta ji kamar motar ta ƙara nauyi. Ta taga ba abin da take gani sai tik a tsaye jere-jere, rassa tsirara, busasshen ganye ya rufe ƙasa.

Tun kafin ta gangara gonar Tomas hancinta ya gaya mata. Wari ne mai kama da kananzir da aka haɗa da tafarnuwa. Tomas yana bakin rijiya yana wanke tankin feshi, zaninsa a naɗe zuwa gwiwa.

"A'a, uwar tsutsa. An ce kin yi jika."

"Me ka fesa?"

"Ayaba. Ƙwaro ya shiga gindinta. Jiya da yamma da yau da safe."

Layin tik ɗinsa yana manne da ayabar, ruwan da yake ba ayaba shi ya sa suke toho a rani. Ta matsa ta duba. Tohon yana nan jajir, mai laushi, irin wanda take so, amma da ɗigo-ɗigon fari a kansa inda iska ta kai feshin.

"Tomacha, shekara nawa ina tsinka a nan? Ba za ka iya aiko min da magana ba?"

"Ayabata ce, ba ta gwamnati ba. Kuma ai aiki na rage muku. Ba kashe su kuke yi a ƙarshe ba? To ga shi na haɗa musu da miya." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya ga fuskarta. "Ki wanke a kogi mana. Mu ma haka muke wanke kayan miya mu ci, ga mu da rai."

"Kai jaki ne mai ƙarfi. Su ba su kai ƙwayar shinkafa ba."

"Bayan mako biyu zai fita."

"Bayan mako biyu ka zo ka yi mana ta'aziyya."

Ya ce ta tsaya ta sha shayi, matarsa ta dafa rogo da kifi. Ta riga ta kai hanya. Ta tambaya a shagon shayi na bakin titi ko akwai mai ba tik ruwa a kusa. Wani ya ce akwai gidan renon tsire-tsire a gaba, amma tsiron bishiyar roba kaɗai suke yi. Wani ya ce ta jira ruwan sama kamar kowa. Mai shayin ya tambaye ta ko gaskiya ne gwamnati tana biyan mutum albashi don ya ciyar da tsutsa, shi yana da ɓeraye a ɗakin ajiya in ana bukata. Ta duba wayarta. Sha ɗaya saura kwata.

Ta shiga bas mai komawa ba tare da ta san inda za ta sauka ba. A kwanar unguwarsu, inda hanya ke bi ta bayan masallacin Juma'a, idonta ya faɗa kan katangar maƙabarta. Kullum tana wucewa ta nan, kuma kullum takan kawar da kai ta yi addu'a a zuci. Yau ba ta kawar ba. A saman jan dutsen katangar ta hango wani ja-ja yana kaɗawa.

Ta buga jikin motar da tafin hannu har kwandasta ya ja igiyar ƙararrawa yana mita.

Bara kwamitin masallaci ya sare tsofaffin tik guda tara na maƙabarta don rufin makarantar allo. Kututturan suna nan, kuma ruwan alwala daga kwatami ta gindinsu yake bi. Kowane kututture ya fitar da rassa sababbi har ƙugu, kawunansu cike da toho. Nabisa ta hau wani dutse a gefen titi, katangar ta zo mata ƙirji. Kututture mafi kusa bai fi taku goma ba. Ƙofar maƙabartar a buɗe take, babu ko sakata. Amma a unguwar nan mace ba ta shiga sai an ɗauko ta. Uwarta ba ta shiga ba, kakarta ba ta shiga ba, ita ma ranar da aka kai mijinta Bapputti shekara uku da suka wuce a tsakar gida ta tsaya.

Moidu ladan yana kakkaɓe tabarmi a bakin kwatami. Ya haura saba'in, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali.

"Moidu-kaka."

Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya dubi kaburbura.

"Nan, kan katanga. Nabisa ce, matar Bapputti."

"Allah ya shirye ki, yarinya. Murya daga wannan gefen ranar Juma'a, kina so ki ƙarasa ni?" Ya taho yana jan ƙafa. "Me kike yi a kan dutse kamar akuya?"

Ta gaya masa a gajarce. Ya saurara baki buɗe.

"Tsaya in gane. Tsutsa ce take jin yunwa."

"E."

"Kuma ni zan tsinko mata abinci. Daga maƙabarta."

"E, kaka. Kafin la'asar."

"Ta gama da na ƙasa, yanzu na sama take so." Ya girgiza kai. "Wannan itacen wakafi ne. Ko busasshen reshe ba a ɗauka sai kwamiti ya sani."

"Ganye ne, ba gungume ba. Bayan kwana biyar wani zai fito. Kai ba akuyarka na gani a ciki ba watan jiya?"

"Akuya ba ta san hukunci ba."

"Mai akuyar ya sani."

Ya tsaya yana susar gemu. Sannan ya miƙo hannu, ta jefa masa buhun. Ya je kututture na farko ya sunkuya, ya daɗe yana lalube, ya dawo da ganye shida a hannu yana murmushi. Kowanne ya isa a rufe tukunya da shi.

Nabisa ta rufe ido ta buɗe. "Kaka, ba waɗannan ba. Na can sama, ƙanana, jajaye."

"Ni da ja da kore duk ɗaya ne, 'yata. Ke ma inuwa nake gani."

"To bar ido. Kama kan reshen, can ƙarshe. Ka ji biyu ƙanana masu gashi-gashi, masu laushi kamar kunnen jariri?"

"Na ji."

"Su da biyun da ke ƙarƙashinsu. Kar ka wuce nan. Murza gefen ɗaya, ka ɗaga min hannu."

Ya murza ya ɗaga. Yatsun sun yi ja.

"Shi ne. Sa cikin tsumma, kar ka danne. Kar ka karya kan reshen, bar masa ido."

Haka suka yi ta yi. Shi yana lalube yana murzawa yana ɗaga hannu, ita tana kan dutse tana cewa e ko a'a. Masu wucewa a titi suna rage tafiya. Wani mai keken haya mai ƙafa uku ya tsaya gaba ɗaya ya kashe inji don ya kalla. Rana ta hau kai, zufa tana bi mata ta ƙarƙashin mayafi, ƙafarta ɗaya ta yi sanyi a kan dutsen amma ba ta sauya ba. Tana lissafi a zuci: roba arba'in, ƙananan su fara, kowace ganye huɗu aƙalla. Tsohon kuwa kowane ganye sai ya yi masa bisimilla.

A kututture na biyar ya tsaya ya dafa ƙugu.

"Wannan ya fi duka toho. Kin san gindin wa yake?"

Nabisa ta dafa katangar da hannu biyu.

"Bapputti ne, ga shi nan, taku biyu daga ƙafata. Dutsen kansa ya ɗan karkata, zan sa a gyara."

Nabisa ta dubi wurin. Tudun ƙasa ne kamar sauran, ciyawa ta bushe a kansa, wani ya dasa lalle a gefen kai. Shekara uku tana zaton can ciki yake, wajen bishiyar mangwaro. Ashe kullum bas yana wucewa da ita taku goma sha biyar daga gare shi. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, ta rasa wace.

"Kaka, lokaci," ta ce.

Sun kai kututture na bakwai sai wata farar mota ta tsaya a ƙofar masallaci. Kunjalan Haji, shugaban kwamiti, ya fito cikin fararen kaya masu guga, ƙamshin turare ya riga shi isowa. Ya ga mace a kan dutse, ya ga ladan a cikin kaburbura da buhu. Ya taho ba gaggawa.

"Moidu, me ke faruwa? Mutane sun fara taruwa, ba a kunna lasifika ba. Me ya sami hannunka?"

Moidu ya dubi hannuwansa, ya kai su kusa da idon da ke gani. Ja har wuyan hannu.

Wani daga masu alwala ya ɗaga murya: "Kaka ya sha lalle. Yaushe ne ɗaurin auren?"

"Da uwarka," in ji Moidu, "in ta amince."

Aka yi dariya. Haji bai yi ba. Ya juyo wajen Nabisa, amma bai dube ta ba, katangar ya duba.

"Ke matar marigayi Bapputti ce ko? Ba girmanki ba ne tsayuwa a nan ranar Juma'a. Kuma abin da ke cikin katangar nan amana ce a wuyanmu. Ana da hanya. A rubuto takarda daga tasharku, kwamiti ya zauna bayan salla, in ya yiwu."

"Bayan salla za ku ci abinci, Haji. Bayan abinci za ku kwanta. Su kuma la'asar za su mutu."

"Tsutsa ce fa."

"Tsutsa ce. Eka nawa ne naka na tik a hanyar dutse? Goma sha biyu?"

Haji ya dubi buhun da ke hannun Moidu.

"Shekaru uku a jere direbanka yana zuwa da jarka yana karɓar magani kyauta. Bara har sau biyu. Maƙwabcinka da bai fesa ba ka ga yadda gonarsa ta koma. Wannan maganin ba daga Dubai ake kawo shi ba. Daga cikin tsutsar nan yake fita, ita kuma daga ganyen da ke buhun nan. In ka ce a zubar, a zubar, ba zan yi musu da kai a ƙofar masallaci ba. Amma in ruwa ya sauka kar ka aiko direba."

Masu alwala suka juyo suna kallo. Mutum irin Haji ba ya son a gaya masa gaskiya a gaban jama'a, amma ya fi ƙin asara. Ya gyara hular kansa, ya dubi kututturan ɗaya bayan ɗaya kamar yau ya fara ganinsu.

"Kullum ake bukata?"

"Kullum, har ruwa ya sauka. Mako uku, ko huɗu."

"Kuma babu a wani wuri?"

"Da akwai da ba ka gan ni a kan dutse ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Wa ke riƙe da wurin naku yanzu? Har yanzu matar nan ce 'yar garin Kottayam?"

"Dakta Susamma."

"Moidu, ba ta buhunta, ka je ka wanke hannu. Kar ka taɓa min lasifika da wannan."

"Ba ya fita, Haji," in ji Nabisa. "Sai jibi."

Mai keken hayar da ya tsaya kallo shi ya kai ta. Ta rungume buhun a cinya, ta hana shi bin hanyar kasuwa, ta hana shi ɗaukar kowa. Kiran salla ya biyo su a baya, muryar Moidu tana rawa kamar kullum. Biyu saura ta shiga ɗakin.

Kumaran ya kwashe tsohon ganyen, ya wanke robobin da babu kowa a ciki, ya jera. Ya kawo mata ruwa a bokiti da almakashi. Ta ɗauraye ganyen, ta shanya a kan ƙyalle, ta fara da ƙananan. Da gashin kaza take ɗaukar su ɗaya-ɗaya tana ɗorawa a kan toho, don yatsa yana murƙushe su. Da yawa sun riga sun bushe, sun manne da bangon roba kamar ƙura. Waɗanda ke motsi ta ɗora. Bayanta ya ƙage, ba ta miƙe ba. Kumaran ya ajiye mata baƙin shayi a gefe har ya huce.

Wajen ƙarfe huɗu ta koma roba ta farko ta ɗaga ganye ɗaya zuwa hasken taga. Gefensa ya naɗe kaɗan, an ɗinke shi da zare siriri, a ƙarƙashin naɗin kuma an kankare wani wuri kamar ƙwayar gero. Ta ɗaga na biyu, haka. Ta bi robobin tana dubawa. Manyan da suka tsumbure ba za su yi wani kirki ba, wannan ta sani. Amma cikin ƙananan kusan rabi sun kama ci. Rabi ya isa a riƙe iri.

Sai a lokacin ta zauna a kan benci, ta sha shayin a sanyinsa.

Dakta Susamma ta shigo da waya a hannu. Ta duba robobi uku, ta yi ajiyar zuciya, ta dafa kafaɗar Nabisa. Sannan ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi a ɗakin nan ba.

"Shugaban masallacinku ya kira ni. Kwamiti ya yarda. Kullum da safe, har ruwa ya sauka."

"Alhamdu lillahi."

"Ya ce tsohon ba zai iya kullum ba, kuma ba daidai ba ne mace ta riƙa tsayuwa a katanga. Yana da ɗan ƙane, Shihab, ya dawo daga ƙasashen Larabawa na Gulf wata shida babu aiki. Shi zai riƙa tsinkowa ya kawo a babur." Ta juya wayar a hannunta. "Da sharaɗin a sa sunansa a takardar ma'aikatan yini."

Nabisa ta ajiye kofin.

"Kin san gurbi ɗaya gare ni na mai kawo ganye, shi ne naki. Na ce masa ina da mutum. Ya ce to mutumin nawa ya shiga ya tsinka." Daktar ta dubi ƙasa. "Na ɗan lokaci ne, Nabisa. Ki je ki kula da jikarki. In ruwa ya sauka zan rubuta musu a sama."

Kumaran ya daina shara. Duk wanda ya yi aikin yini ya san sunan da aka cire daga takarda ba ya komawa da ruwan sama, balle in wanda aka sa ɗan ƙanen Haji ne. Daktar ma ta sani.

"Ya san ganye?" in ji Nabisa.

"Haji ya ce ganye ai ganye ne."

Kumaran ya yi tari ya juya baya.

"Na yi tunanin," in ji Daktar, muryarta ƙasa-ƙasa, "ko za ki nuna masa gobe. Sau ɗaya. Ba dole ba ne. Ba ni da abin da zan biya ki da shi."

Nabisa ta tashi ta je kanta. Ba sai ta yi komai ba. In ta kwana a gida gobe, Shihab zai cika buhu da manyan ganye, cikin kwana huɗu a nemo ta. Amma waɗannan ba su da sauran kwana huɗu a jikinsu. Ta gyara ƙyallen wata roba da ya zame, ta ɗaure shi da kyau.

"Ki gaya masa biyar da rabi, da an sallame asuba," ta ce. "Ganyen da rana ta taɓa ba ya isowa nan da rai. Kuma kar ya sa farar riga."